Tawada Mai Sheƙi: Takarda Ce Ke Fito da Ita

Masu rubutu da alƙalami mai shan tawada sukan ga hoton wata tawada shuɗiya tana walƙiyar ja, su kashe kuɗi su sayo, su gwada a littafin makaranta, sai su ga shuɗi kawai. Ba a cuce su ba, takardar ce ba ta dace ba.

Irin wannan tawada an cika mata rini fiye da kima. Idan ta sauka a takarda mai santsi wadda ba ta shan ruwa da sauri, ruwan ya bushe, rarar rinin sai ta kwanta a sama ta yi ɗan ɓawo siriri. Wannan ɓawon ne ke mayar da haske da wani launi dabam. Wanda ya san rawani ɗan Kura ya riga ya gane: baba ne ya yi yawa a saman zane har yake sheƙi, kuma shi ne ke shafar goshin mai naɗi. Shuɗiyar tawada galibi ja take bayarwa. Organics Studio Nitrogen ta Amurka ta yi suna wajen ƙarfin sheƙi, Diamine Majestic Blue ta Ingila ta fi ta sassauci, Sailor Yama-dori ta Japan kuwa tsanwa-shuɗi ce mai jan sheƙi.

Saboda haka fara neman takarda kafin kwalba. Tomoe River ta Japan, mai nauyin giram 52 a kowace murabba'in mita, ita ce gaba. Sirara ce ƙwarai amma ba ta tsotse tawada. Rhodia da Clairefontaine na Faransa suna nuna sheƙi, sai dai bai kai nata ba. Takardar fotokwafi ta yau da kullum kan shanye komai, wani lokaci har rubutun ya yi gashi-gashi ya ɓullo ta baya. Ka kuma haɗa da alƙalami mai faɗin baki wanda ke sakin tawada sosai, domin siririn baki ba ya zuba abin da zai taru. In ka gama, karkata takardar wajen haske ka duba.

Ga inda nake so a yi hattara. Rinin da ke kwance a sama bai kama takarda ba, don haka yana jinkirin bushewa, musamman da damina, kuma yatsa mai gumi na iya dama shi ko bayan kwanaki. Mai rubutu da hagu zai fi shan wahala. Da hunturu kuma tawadar kan ƙafe a bakin alƙalami da ka ɗan bar shi buɗe, don haka rufe shi da zarar ka tsaya, ka riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta duk bayan 'yan makonni. Kada ka kuskura ka zuba masa tawadar allo. Ƙaron da ke cikinta zai toshe shi.

A ganina, wannan tawada ta wasiƙa ce da katin gaisuwa da rubutun ƙawa. Takardar yarjejeniya, jarrabawa, ko littafin lissafin shago, nemi wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ruwa ba ya wanke ta.