Yadda Ake Bayanin Zanen Ƙididdiga A Jarrabawar Turanci Ta IELTS

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin banki da ke neman ƙaro ilmi a jami'o'in Ingila, Kanada ko Ostireliya, galibi akan buƙaci ya gabatar da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda aka soma a shekarar 1989. Takardar rubutu ta masu neman shiga jami'a awa ɗaya ce, kuma aiki biyu ne a cikinta. A na farko za a ajiye wa mutum zanen ƙididdiga, ko na layi, ko na ginshiƙai, ko da'ira mai yanka-yanka, ko kuwa jadawali, a ce ya bayyana abin da ke ciki da kalmomin da ba su gaza 150 ba. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada ya wuce minti 20 a kansa, domin makin aiki na biyu, wato insha'i mai kalmomi 250, ya ninka na farkon.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A ce zanen layi ne na hauhawar farashin kaya a Nijeriya daga 1992 zuwa 1999, bisa alkaluman Bankin Duniya: kashi 44.6 cikin ɗari a 1992, sai 57.2 a 1993, da 57.0 a 1994, da 72.8 a 1995, da 29.3 a 1996, da 8.5 a 1997, da 10.0 a 1998, sannan 6.6 a 1999.

Jimlar farko ta faɗi abin da zanen ya ƙunsa, da ƙasar, da shekarun, amma da kalmomin mai rubutu, ba kwafin tambayar ba. Daga nan sai dunƙulallen bayani, wanda shi ne ƙashin bayan amsar. A misalinmu jimla biyu sun isa: hauhawar ta yi ta ƙaruwa har ta kai ƙololuwa a 1995, sa'an nan ta faɗi warwas cikin shekara biyu, ta ƙare nesa ƙasa da inda ta faro. Ma'aunin maki ya tashi daga 0 zuwa 9, kuma ƙa'idar masu duba takarda ita ce amsar da ba ta da irin wannan bayani a fili ba ta wuce 5 a fannin cika aikin da aka sa. Wannan fanni ɗaya ne cikin huɗu masu nauyi daidai; sauran su ne tsari da haɗuwar magana, yalwar kalmomi, da nahawu.

Bayan haka sai a shiga alkaluma, amma a zaɓa. Wanda ya jera shekaru takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta rasit bai nuna ya fahimci zanen ba. Ya fi kyau a raba su gida biyu, lokacin hawa da lokacin sauka, a kuma lura cewa tsakanin 1993 da 1994 layin kusan a kwance yake.

Akwai wurare uku da ake yawan tuntuɓe. Na farko, ƙananan kalmomin nan "to" da "by". Idan aka rubuta "fell to 29.3" ana nufin inda adadin ya tsaya, "fell by 43.5" kuwa girman faɗuwar ne daga 72.8. Kuma wannan 43.5 tazara ce tsakanin kashi da kashi, abin da Turawa ke kira "percentage points". Wanda ya ce hauhawar ta ragu da kashi 43.5 cikin ɗari ya yi kuskure, don in aka auna ta haka raguwar ta kai kusan kashi 60.

Na biyu, saukar layin ba ta nufin kaya sun yi araha. A 1997 farashi ya ci gaba da tashi, saurin tashin ne kawai ya ragu. Saboda haka "prices fell" ƙarya ce a nan. Daidai shi ne "the inflation rate fell".

Na uku shi ne tarkon da ya fi kama 'yan kasuwa, domin sun san kasuwa. Duk wanda ya yi ciniki a waɗancan shekaru yana da abin faɗa game da faɗuwar darajar Naira da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, kuma alƙalaminsa zai yi ta jansa ya kawo dalili. To, ya kame. Ba a tambaye shi dalili ko ra'ayi ba, kuma abin da ba ya cikin zanen ba ya kawo maki, sai dai ya ci lokaci.

Tun da shekarun sun wuce, fi'ilan duka su kasance na shuɗaɗɗen lokaci, kamar "rose", "peaked" da "dropped", sai fa in zanen ya ƙunshi hasashen shekaru masu zuwa. A yi rubutun a sakin layi uku ko huɗu cikin cikakkun jimloli, ban da jerin ɗigo-ɗigo, a kuma ware minti biyu na ƙarshe a sake gwada kowane adadi da abin da ke kan zanen.