Amosanin Gaɓɓai a Jikin Tsofaffi: Kashe Zogi Daban, Tsayar da Cuta Daban

A gidaje da yawa, idan tsohuwa ta fara kukan ciwon yatsu da wuyan hannu, akan ce tsufa ne, ko kuwa sanyi ne ya shige ta. Wani lokaci maganar tsufan gaskiya ce, domin akwai amosanin da zaizayewar guringuntsi ke kawowa, wanda ya fi kama gwiwa da ƙugu. To amma akwai wani nau'in da ake kira rumatoyid, sunan da likitan Ingila Alfred Garrod ya raɗa masa a 1859. Shi wannan ba tsufa ke kawo shi ba, ba kuma hunturu ba. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take ɓatan kai ta far wa siririn tantanin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa. Sai tantanin ya kumbura, ya tara ruwa, sannu a hankali ya ci guringuntsi har ya kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kimanin kashi 70 cikin ɗari mata ne, fiye da rabin masu cutar kuma sun haura shekara 55.

Ɗalibi mai lura zai iya gane alamunsa a gida. Yakan kama ƙananan gaɓɓai na hannu da ƙafa, dama da hagu lokaci guda. Da asuba gaɓɓan sukan sandare, sau da yawa har sa'a guda ko fiye, kafin su saki. Ga kasala, ga ƙarancin jini.

Inda iyalai suka fi yin kuskure shi ne wajen magani. Ibufurofen da dikulofenak suna rage zogi da kumburi, amma ba sa hana gaɓa lalacewa, kuma yawan shan su kan jawo wa tsoho gyambon ciki da ciwon ƙoda. Firednisolon da deksametason kuwa aikinsu kamar yankan wuƙa ne: wadda jiya ta kasa riƙe buta, yau sai a gan ta tana shara. Haka duniya ta yi mamaki a 1948 lokacin da Philip Hench ya gwada kotizon, ɗan'uwansu, a Amurka, har ya sami kyautar Nobel a 1950. Daga baya illar ta bayyana. Shan su na tsawon lokaci yana sa ƙashi ya yi rauni, yana tayar da hawan jini da ciwon suga, yana kawo yanar ido. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya daina farat ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage masa.

Magungunan da ke tsayar da cutar daban suke, babbansu shi ne metotirekset. Yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, shi ya sa marasa haƙuri kan watsar da shi. Sau ɗaya ake shan sa a mako, tare da folik asid da gwajin jini a kai a kai. Shan sa kullum na iya kisa. Don haka yaro mai ilmi a gida zai yi babban aiki idan ya rubuta ranar sha a jikin kalanda, ya kuma tabbatar ba a cakuɗa shi da sauran ƙwayoyi ba. Gaɓar da ta riga ta karkace ba ta miƙewa, saboda haka zuwa asibiti a watannin farko ya fi komai muhimmanci.

Sauran aikin na cikin gida ne. A tanadi ruwan ɗumi don alwala da wankan safe, a naɗa tsumma a mariƙin cokali da ludayi domin ya yi kauri, a sama mata kujera mai tsayi maimakon tabarma. Daka da wanki a ɗauke mata su, amma kada a hana ta motsi baki ɗaya da sunan tausayi, domin zama wuri ɗaya na ƙara sandarewa, yana kuma jefa tsoho cikin damuwa. Idan tsohon mai shan taba ne, ya daina, don hayaƙinta na tsananta cutar.

Abu biyu ba sa jiran ranar ganin likita: baƙin bayan gida kamar kwalta, wanda ke nuna zubar jini a ciki, da gaɓa ɗaya da ta yi zafi ta kumbura tare da zazzaɓi.