Barkwanci da Takunkumi a Zamanin Yanar Gizo: Nazari Daga Ƙasar Karaye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai son raha, kuma tun fil azal bai taɓa rasa hanyar da zai gaya wa na sama da shi gaskiya cikin wasa ba. Su kuma masu mulki, ba a taɓa yin zamanin da suka sakar wa baki linzami gaba ɗaya ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda waɗannan abubuwa biyu, watau barkwanci da takunkumi, suka yi karo tun daga lokacin da wayar salula da intanet suka shigo ƙasar Hausa. An zaɓi ƙasar Karaye da Rogo ta zama madubin nazarin. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, barkwancin gargajiya yana da shingayen da al'ada ta kafa masa, waya ta zo ta tsallake su, sa'an nan dokar hukuma ta nemi ta tsaya a gurbinsu, amma abin ya faskara.

2.0 Ƙasar Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Kano, kuma kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga kuma kamun kifi da noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Rogo kuwa a kan iyaka take, ta haɗa gefe da Jihar Katsina da kuma ƙasar Zazzau.

Dalilai biyu ne suka sa wannan yanki ya dace da nazarin. Na farko, zamansa a bakin iyaka ya sa Bakano da Bazazzagi, waɗanda abokan wasan juna ne, suna cuɗanya a kasuwa kullum. Na biyu, cikin shekara biyar matsayin sarautar ƙasar ya sauya sau uku. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe ta. A watan Yuli na wannan shekara aka sake kafa ta da daraja ta biyu, Karaye da Rogo suna ƙarƙashinta. Dukkan waɗannan shawarwari a birnin Kano aka yanke su. Abin da ya rage wa talakan ƙauye shi ne ya tofa albarkacin bakinsa, a majalisar ƙofar gida ko a waya. Saboda haka duk abin da ya taɓa 'yancin baki ya taɓa shi kai tsaye.

3.0 Shingayen Barkwancin Gargajiya

Idan aka lura za a ga cewa wasan Bahaushe yana tafiya ne cikin shingaye uku.

Shinge na farko shi ne dangantaka. Jika yana wasa da kaka, taubashi da taubashi, Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, maƙeri da Buzu. Maganar da Bazazzagi zai gaya wa Bakano a kasuwa a kwashe da dariya, idan wani baƙo ya faɗe ta sai an kai ga raba faɗa.

Shinge na biyu shi ne lokaci. Tashe yana farawa ne bayan azumi ya kai goma, inda yara da samari ke kwaikwayon gwauro da mai rowa da malamin da ba ya aiki da iliminsa. Kalankuwa sai bayan an kawar da amfanin gona. Kuɗin shara tsakanin abokan wasa sai a watan cika-ciki. Da lokacin ya wuce, wasan ya wuce.

Shinge na uku shi ne matsayi da fage. Wawan sarki yana faɗar abin da hakimi ba zai iya furtawa a fada ba. A wasan gauta matan gidan sarauta sukan kwaikwayi sarki da fadawansa, shi kuma ya ga halinsa a jikin wasu. 'Yan kama da 'yan gambara suna da fagensu, kuma kowa ya san su da sana'arsu.

Daɗin daɗawa, duk wannan magana ce ta baka, iska ke kwashe ta. Mai sauraro ya san mai magana, ya san iyayensa, idan kuma wasa ya wuce gona da iri dattijo ɗaya ya isa ya tsawata. Amfanin wannan tsari bai tsaya ga nishaɗi ba. Ta nan ne mai mulki ke jin abin da fadawa suka ɓoye masa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

4.0 Ra'ayin Bahaushe Game da Fasaha da Kimiyya

Duk lokacin da wata sabuwar na'ura ta iso, abin da Bahaushe ke fara yi shi ne ya raɗa mata suna, kuma sau da yawa sunan nan kansa ra'ayi ne. Kwamfuta ta zama na'ura mai ƙwaƙwalwa, abin da ke nuna girmamawa da mamaki. Ƙaramar waya mai tocila ta zama rakani-kashi, abin da ke nuna raini cikin raha. A Daidaita Sahu suna ne na shirin gyaran tarbiyya da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar a 2004, amma jama'a suka ɗora shi a kan babur mai ƙafa uku, har ya zamana yaro yau ya san babur ɗin bai san shirin ba. Intanet kuwa aka kira ta yanar gizo. Mai nazarin adabi ba zai kasa lura ba cewa Gizo shi ne gwarzon tatsuniya, ƙaramin halitta mai kayar da zaki da kura da wayo, amma kuma maƙaryaci ne, mai cin amana. Halayen nan biyu duka sun bayyana a intanet.

Game da kimiyya kuwa, akan tarar da ɗari-ɗari, kuma ɗari-ɗarin yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi a 2003, sa'ad da Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa tsakiyar 2004. Za a koma kan wannan misali a gaba.

5.0 Yadda Waya ta Tsallake Shinge

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001, daga baya dandalin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo. Da zuwansu shingayen nan uku suka faɗi. Wasan da saurayi ya yi wa abokinsa a Rogo, kafin magariba wanda bai san su ba ya gan shi a Legas ko Jidda, dangantaka ta ɓace ke nan. Hoton da aka ɗauka ba ya wucewa kamar tashe, ana iya tono shi bayan shekara biyar a kafa hujja da shi, lokaci ya ɓace ke nan. Sa'an nan kowa ya zama wawan sarki ba tare da sarki ya naɗa shi ba, wani ma da sunan aro, matsayi ya ɓace ke nan.

Tilas a yarda cewa wannan ya jawo ɓarna ta gaske. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Jama'a da dama suka bi, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Ga kuma ƙage da cin mutuncin matan aure da 'yan mata, wanda kan kashe aure ko ya hana shi. Masu kiran a sa linzami ba su rasa hujja ba.

6.0 Nau'o'in Takunkumi

Hukuma ta bi hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce tacewa. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Ƙarfinta ya bayyana a 2007, bayan wani hoton batsa da aka ɗauka da waya ya bazu daga waya zuwa waya. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11. A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, har da masu fita a YouTube, bisa dalilin ba a kawo su an tace ba.

Hanya ta biyu ita ce hukunta mai magana. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro, fitaccen ɗan wasan barkwanci wanda shi kansa tsohon gandiroba ne, a kan fim ɗin Ibro Aloko. A 2019, shekarar da aka ƙirƙiri sababbin masarautu, aka kama mawaƙi Naziru M. Ahmad, wanda a lokacin yake Sarkin Waƙar Sarkin Kano, bisa tuhumar sakin waƙoƙin da ba a tace ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda ɓata sunan gwamna. A matakin tarayya kuwa, sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya mai da saƙon da ya ɓata wa wani rai laifi, sai a 2024 aka yi masa kwaskwarima aka taƙaita shi.

Hanya ta uku ita ce toshe hanyar gaba ɗaya. A watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai a Janairu na 2022. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, domin yaƙi da 'yan bindiga. Waɗannan garuruwa ba su da nisa da ƙasar Rogo da Karaye, kuma akwai ciniki da auratayya a tsakani.

7.0 Abin da Takunkumi ya Haifar

Idan aka auna waɗannan matakai za a ga abubuwa uku. Na ɗaya, hani kan zame wa abin da aka hana talla. Waƙoƙin da aka haramta a 2009 sun ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, inda ɗan sanda ba shi da shagon da zai rufe. Lokacin rufe Twitter jama'a suka koma ga manhajar ɓad-da-sawu, wadda ke nuna kamar mai waya yana wata ƙasa, har batutuwan Nijeriya suka riƙa fitowa a sahun gaba na hirar wasu ƙasashe. A Yuli na 2022 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa doka.

Na biyu, takunkumi ba ya kashe magana, sai dai ya mai da ita habaici da zambo da karin magana. Wannan kuwa fage ne da Bahaushe ya ƙware a kai tun kafin a haifi mai tacewa. Alƙali yana iya hukunta wanda ya kama suna, amma me zai yi da wanda ya ba da labarin kura da akuya? Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, masu sauraro ma sun sani.

Na uku, nauyin toshewa a kan talaka yake faɗawa. A yanki irin na Karaye da Rogo waya ita ce hanyar jin farashin masara kafin a ɗora buhu a mota, ita ce hanyar karɓar aiken ɗa da ya tafi ci-rani, ita ce kuma hanyar kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Sa'ad da aka katse layuka a 2021 mutanen yankunan da abin ya shafa sun riƙa yin doguwar tafiya don kawai su buga waya ko su karɓi kuɗi.

A nan ne misalin shan inna ke da darasi. Ba kama masu jita-jita ne ya dawo da rigakafi ba. An sake gwada maganin, aka jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni suka yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji, har a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Watau abin da ya yi aiki shi ne amana da sanayya, waɗanda su ne dai ginshiƙan shingayen gargajiya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa barkwancin Bahaushe bai taɓa zama sakaka ba, dangantaka da lokaci da matsayi suna riƙe da shi. An ga yadda waya ta kwance waɗannan igiyoyi, da yadda hukuma ta yi ƙoƙarin ɗaure shi da tacewa da bulala da toshewa. Ƙage da ƙaryar da ke halaka rai sun cancanci shari'a, amma wajibi ne doka ta bambanta su da zolayar mai mulki, wadda al'ada ta halatta tun a cikin fada. Aikin da ke gaban iyaye da malamai da hakimai shi ne su koya wa matasa cewa magana zarar bunu ce, a waya ma fiye da a baki. Aikin ɗaliban Hausa kuwa shi ne su tattara barkwancin wayar nan na ƙauyuka irin na Karaye da Rogo su nazarce shi, kamar yadda aka yi wa tashe da wasan gauta, domin adabin baka ne na wannan zamani. Shi kuma mai mulki ya kamata ya tuna cewa sarkin da ya kori wawansa, daga ranar ba ya ƙara jin komai sai kirari.