Karatun Yara a Lokacin Dogon Hutu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, dogon hutun makarantun boko yakan kama daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, kimanin mako 6. Malaman Islamiyya da yawa sukan tara yara a wannan lokaci, kuma abin yabo ne. Amma sau da yawa akan fara da gayya, a watse ba a kammala kome ba, domin an ɗauki abin da kwanakin ba za su ɗauka ba.

To, mu yi lissafi. In an ware Alhamis da Juma'a, kamar yadda aka saba a makarantun allo, kwana 30 ne suka rage. Littafin Arba'una na Imamu Nawawi hadisai 42 ne a cikinsa, ko ana biya ɗaya kullum ba zai ƙare ba. Ina amfanin malam ya haɗa shi da Ahalari da Ishmawi da nahawu? Alƙur'ani mai girma ma a cikin shekara 23 aka saukar da shi, kaɗan-kaɗan. A ganina, ƙananan yara ya ishe su izifin Sabbi, surori 28, da babin alwala da salla. Kuma alwalar nan a yi ta da buta a gaban malam, kada a tsaya ga hadda.

Ranar farko ta gwaji ce. A raba yara bisa ga karatunsu, a bar zancen shekaru ko ajin boko. Na sha ganin ɗan sakandare wanda bai rarrabe sinun da sadi ba, alhali ƙanensa ya rarrabe. A kuma tambayi kowane yaro ko da Warshu ya fara ko da Hafsu, don kada a rikita masa harshe a kwana 30.

Sa'an nan a tuna damina ce. A ƙauye yara suna gona da safe, sai a sa karatu bayan la'asar. A birni kuwa hantsi ya fi, sa'a biyu sun wadatar. A nemi ɗaki mai rufi tun kafin a fara, a kuma gayyaci iyaye ranar rufewa, kowane yaro ya karanta musu abin da ya samu.