Yadda Ake Auna Bayas a Amfilifaya Mai Kwalba

Wayar hannu da tiranzista take aiki, amma har yau kamfanoni irin su Marshall da Fender suna ƙera amfilifayar jita mai kwalaben lantarki, irin na cikin tsofaffin rediyo. A yawancinsu, duk lokacin da aka sauya manyan kwalaben, dole a auna bayas.

Mene ne bayas?

Shi ne saitin da ke ƙayyade yawan wutar da ke ratsa kwalba lokacin da babu sautin da ke shiga. Idan wutar ta yi yawa, farantin ƙarfen da ke cikin kwalbar zai yi ja kamar garwashi, kwalbar ta mutu da wuri. Idan ta yi kaɗan, sauti zai fito a shaƙe.

Yadda ake aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce sanya rezista mai om 1 tsakanin katod na kwalbar da jikin ƙarfen na'urar. A kwalbar EL34 da 6L6GC, katod shi ne ƙafa ta 8, faranti kuma ta 3.

Sai a haɗa lasifika, domin kunna na'urar ba tare da ita ba na iya ƙona taransifoma. A rage ƙara gaba ɗaya, a bar ta ta yi ɗumi na wasu mintuna, sannan a ɗora mita a gefe biyu na rezistar. Kowane milivolt 1 da mita ta nuna daidai yake da miliyam 1.

Lissafi

EL34 na jure wat 25, kuma masu gyara ba sa son wuce kashi 70 cikin 100 na hakan, wato wat 17.5. Idan faranti na kan volt 450, sai a raba 17.5 da 450, a samu kusan miliyam 39. Idan mita ta haura haka, a juya ɗan makunnin bayas a hankali har ta sauko.

Gargaɗi

Wutar da ke cikin wannan na'ura tana kisa. Kafasitocinta na iya riƙe ɗaruruwan volt ko bayan an zare ta daga soket. Shi ya sa ƙwararru ke aiki da hannu ɗaya, ɗayan na cikin aljihu. Wanda bai taɓa yi ba, ya fara koya a gaban mai gyaran da ya san aikin.