Kafin Ki Tura Kuɗin Atamfa

A da, mai son atamfa Kantin Kwari take shiga, ta murza ƙyalle tsakanin yatsu, ta ɗaga shi a rana. Yanzu ciniki ya koma WhatsApp da Instagram, masu shago da yawa ma a waya suke neman masu saye.

'Yar'uwa, hoto ba ya faɗin gaskiyar launi. Na taɓa zaɓar shuɗi mai duhu, aka kawo mini wani abu kamar ruwan bula, kuma har yau abin yana min ciwo. Ki nemi bidiyon da aka ɗauka a waje, a buɗe turmin, a nuna miki gefen da aka buga sunan kamfani. Ki tambaya ko yadi shida ne cif.

Idan sunan asusun banki ya saɓa da na mai kaya, ki dakata. Inda ake yarda a biya bayan kaya sun iso, kamar yadda Jumia ta saba tun kafuwarta a 2012, ki zaɓi hakan. In ta tasha za a aiko, ki karɓi lambar direba da hoton ƙunshin kafin mota ta tashi.