Yadda ake lissafa cikin tulu

Wani ɗalibi daga Damagaram ya aiko da tambaya: ta yaya kalkulas ke gano yawan ruwan da tulu zai ci?

To ɗan'uwa, ka ɗauki tulu a matsayin lanƙwasasshen layi da aka juya ya kewaye sanda a tsaye. Sai ka yanyanka shi a zuci, faifai-faifai, sirara ƙwarai. Girman kowane faifai shi ne π sau rabin faɗinsa, sau rabin faɗin kuma, sau kaurinsa. Tara su duka, kaurin yana ta raguwa har ya kusa sifili, shi ake kira intigireshan. Gwada da mazurari mai tsini: sulusin gwangwanin da suke tsayi da faɗi ɗaya zai ba ka. Dabarar ta girmi Newton ma, wanda ake danganta kalkulas da shi, domin masanin taurari Kepler ya auna gangunan giya da makamanciyarta a 1615.